Rinin da Ake Ci

Ranar Asabar ruwa ya tsare mu a ɗaki,
Ƙofar Marusa duk ta koma taɓo da kukan kwaɗi.
Ba islamiyya, ba 'yar gala-gala a waje,
yara uku sun mai da kaina ganga.
Na ce, to, kowa ya wanke hannu har gwiwa.

Mudun fulawa na juye a roba,
sukari, bota, ƙwan zabi guda biyu.
Hodar gashi ta ƙare tun ƙaramar sallah,
sai na jiƙa 'yar kanwa don ya tashi.
Na raba kwaɓin uku a gaban idonsu,
don rabon bayan ido shi ke haifar rigima.

Lawisa kore take so,
na tankaɗe mata garin zogale.
Mansir ya wawuri gangamau,
kafin in waiga ya rine goshi da hanci,
rawaya har cikin kunne.
Huwaila auta ta kafe a kan ja,
ja kuma irin na lallen Gwaggo Yahanasu.
Na tafasa mata zoɓo har ya yi kaurin tawada.

Ta ɗiga. Ta murza. Ta ƙara ɗigawa.
Ja ya shiga kwaɓi ya ƙi zama ja.
Ya yi duhu kamar hadarin gabas,
can sai ga shi shuɗi-shuɗi a tafinta.
Ta ɓare baki:
"An sace mani jana!"

Baba na kan buzu a bakin ƙofa,
idanunsa sun daɗe da yin hazo.
"Mi ya faru? Kawo shi nan in gani."
Ya kai shi dab da ido, ya shinshina,
sai dariya har da tari.
"Tasalla, kanwa kika sa ko?
Ai launi ba ya haɗuwa da ita ya fita yadda ya shiga.
Shekara arba'in ina zuba toka a karofi,
ina lallashin baba ya ba ni wannan fuska.
An cike ramin, an kafa shagon cajin waya bisansa,
yau ga shuɗi ya biyo ni har gida
a hannun wadda ba ta neme shi ba."

Huwaila ta haɗiye sauran kukan.

Shi ya nuna masu yadda ake ɗora kore bisa rawaya,
a shimfiɗa shuɗi, a naɗe kamar tabarma,
a yanka da zare,
kowane yanki da ɗan guguwarsa a tsakiya.
Ragowar suka danna da murfin kwalba
da bakin gwangwanin tumatir.
Mansir ya yi wani abu ya ce raƙumi ne.
Ba mu yi musu ba.

Yashi a gindin tukunya, faranti a kai,
garwashi ƙasa, garwashi bisa murfi.
Zubin farko ya ƙone ta ƙasa,
na biyu ya fito sumul.
Ƙamshi bai san katanga ba:
'ya'yan Malam Rabe suka shigo
wai an aiko su aron ludayi.

Gaskiya, shuɗin ya ɗan kode a wuta,
ya koma launin kurciya.
Amma Huwaila ta tsince nata kaf,
ta ƙulle a haɓar zane,
guda ɗaya tak ta kai wa Baba.

Ba shi da haƙoran biskit,
sai ya tsoma a shayi ya jira ya yi laushi.
Ya tauna a hankali, ya daɗe bai ce komai ba.
Sannan ya ce, "Na rina rawani, na rina turkudi,
ban taɓa cin rinina ba sai yau."

Da magariba na cuɗa hannunta da sabulu sau uku.
Ƙarƙashin farcenta shuɗin ya ƙi fita.
Ta ce in bar mata shi.